Zuciya ɗaya ta ƙi yin sanyi

Magariya, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Abdulmajid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Balkisu da yara. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai kewar kakarmu marigayiya Dada da ta ƙi sakinmu. Baba ya je Guci kasuwa ya dawo, ƙafar tasa ta yi sauƙi.

Yaya, na yi abin da ka hana ni: na buɗe ordinatar, wato kwamfutar da ka bar mini. Ka san Baba ya ce a haɗa hotunan bidiyon Dada da ke wayoyin dangi su zama guda, a raba wa kowa ranar sadakar arba'in. Saura kwana tara. Da na sa ta aikin sai fanka ta hau kuka, injin ya mutu. Na duba ma'aunin zafin da ka koya mini, zukatan nan huɗu na ƙwaƙwalwarta. Uku suna wajen digiri sittin, ɗaya kuwa ta haura casa'in da biyar, ita kaɗai kamar an yi mata laifi.

Da na kwance ta na tarar man nan mai ruwan toka da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ya bushe ƙamas. Na goge, na matse ragowar da ka bari, na shafa da yatsa yadda nake shafa wa ƙanwarmu Samira man kaɗanya. Duk da haka zuciyar nan ɗaya ta ƙi yin sanyi. Kamalu mai gyaran waya ya duba, ya yi dariya, ya ce gefe ɗaya ya sha, ɗayan ko ɗigo bai samu ba, kuma na ɗaure ƙusoshi biyu tamau kafin sauran, ƙarfen ya karkace. Ya ce shi ba shi da irin man, daga Kano yake zuwa. Iyakar ƙasa kuma ga ta a rufe.

Kwana shida ke nan ina ɗaki ɗaya da mafici a hannu, ina fifita inji. Ko Dantchiao ban je gaisuwar su Inna Indo ba. Wallahi na gaji, kuma ina jin kunyar Baba. Don Allah ka nemo man tunda kana can Kano, ka ba duk mai shigowa, ka rubuto mini yadda ake ɗiga shi. Sau goma sha ɗaya na gwada haɗa bidiyon. Kullum abin da ya fito yakan yanke a inda Dada take sa wa jikoki albarka ɗaya bayan ɗaya, kuma bai taɓa kaiwa kan sunanka ba.

Ka gaida Anti Balkisu da Anwar da Kawu Zakariya'u. Baba yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Nazifa