Takardar da Ba Ta Iso wa Inna Ba

Ranar Litinin

Zuwa ga Yayata,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Kin ce da sauƙi, amma na san halinki, ko cirewa ta yi za ki ce da sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai benen ofis da ya fara tuna mini shekaruna.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, filin tsohon layinmu ya zo kan teburina. Shekara ashirin da biyu ke nan da aka rushe gidajen don titin da har yau ba a yi ba, kuma wurin ya zama kurmi. Itatuwan da ke tsakar gidajen mutane su ne suka girma suka haɗe kai. Yanzu mutanen sababbin gidajen da ke kewaye sun kafa ƙungiya, suna neman izini a mayar da shi wurin shan iska na jama'a, a share ciyawa, a yi 'yar hanyar ƙafa, a kafa bencuna. Tunda ni ce mai kula da sanarwa da ƙorafi a ofishin tsara gari, ni aka miƙa wa fayil ɗin.

Na bi mai awon fili muka je. Yaya, gwaibar Inna tana nan. Dandamalin ƙofarmu ma yana nan da tsagewarsa, inda kike zama kina tsefe mini kai ina kuka. A taswira hanyar ƙafar ta bi ta kan gwaibar daidai, har mai awon ya riga ya shafa mata jan fenti. Na tsaya ina kallo.

Ƙa'idar aikinmu ba ta canja ba. Duk gidan da ke kusa da filin za a aika masa sanarwa, yana da kwana ashirin da ɗaya ya ba da amsa. Na san ba kya son jin wannan kalmar. Ban manta ba, waɗanda suka kai ƙorafi a kan lokaci a wancan karon an ba su wasu gidaje, Inna kuwa ta ƙare a ɗakin haya don sanarwarta ba ta iso hannunta ba, ta kuma ɗora miki laifin ɓatar da ita har ta koma ga Allah. Tun ranar ba ki sake taka unguwar nan ba. Akwai maganar da ta daɗe a raina game da takardar nan, amma yau ma alƙalamina ya ƙi.

Ki gaishe mini da kowa, ki kuma daina tsayuwa da yawa a kan ƙafar nan.

Ƙanwarki,
Auta


Ranar Alhamis, bayan mako biyu

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida, da fatan kowa ya tashi lafiya. Na ga amsarki, layi huɗu cif, uku a kan ƙafa, ɗaya a kan cewa gwaiba ba ta dame ki ba. To na ji. Amma ki zauna kafin ki karanta wannan.

Mun yi wani kuskure irin namu na ofis. Ashe tun da aka rushe layinmu ba wanda ya soke shi daga rajistar gidaje. Na'ura ta buga adireshi kamar yadda ta saba, ni kuma na buga hatimi a kan tarin ambulan ban duba ba. Gidaje goma sha bakwai na layinmu duk an aika musu sanarwa, kuma gidan waya bai dawo da ko ɗaya ba.

Shekaranjiya da hantsi na buɗe akwatin ƙorafi da ke bakin ƙofar ofis, na samu ambulan goma sha bakwai a jere. Duk da danshi, suna warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rabonmu da ruwan sama ya fi wata biyu. Rubutun da ke bayansu na gane shi tun kafin in ɗauka. Na malamin firamaren nan ne da yake rubuta wa duk layin wasiƙa a ƙofar gidansa, wanda ya rasu shekara uku bayan an tashe mu. A ƙasan kowace takarda an dangwala yatsa, kamar yadda suke yi idan ya gama karanta musu.

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne babu wani abin tsoro a cikinsu. Tela ya ce ya amince, amma kada a sa benci a ƙarƙashin tagarsa, matarsa ba ta son hayaniya. Mahauci ya ce ya amince ba tare da sharaɗi ba, kin san shi da gajeriyar magana. Ungozoma ta ce a rufe rijiyar bayan gidanta kafin a bar yara su shigo. Babu rijiya a taswirarmu. Na nuna wa mai awon fili, ya yi dariya ya tafi da sandarsa. Bayan awa biyu ya dawo wandonsa duk ƙaya, ya zauna ya nemi ruwa. Ya ce ya sami rijiyar a ƙarƙashin ciyawa, ruɓaɓɓen katako ne kawai a bakinta.

Na kai wa shugabanmu fayil ɗin, ina zaton zai ce wasan banza ne a zubar. Kin san irin mutanen da ko gobara ake yi sai sun duba littafin doka kafin su gudu? To shi ne. Ya gyara tabarau, ya duba, ya ce adireshin yana cikin rajista, amsa ta zo kafin wa'adi, kuma babu inda doka ta ce a tambayi mai ƙorafi ko yana da rai. Saboda haka a shigar da su, a kuma aika musu gayyatar zaman kwamiti kamar kowa. Na lura dai da bakin biro ya riƙa juya takardun.

Ta gida mai lamba goma sha huɗu na bar ta ƙarshe. Kin tuna yankan wuƙar da ya raba babban yatsan Inna biyu? Yana nan a jikin dangwalen, fari, a karkace. Ta ce kada a sare mata gwaiba, a karkata hanyar da taku biyu, ba abin da zai ragu. Sannan ta ce, "Wannan karon takarda ta iso." Akwai sauran layi biyu a ƙasa da ba zan iya kwafe miki yau ba.

Ina yawan addu'a, kuma abinci ba ya shiga. Ki sa ni a taki.

Taki,
Auta


Ranar Laraba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun.

Jiya aka yi zaman, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a ɗakin taro na bene na biyu. 'Yan ƙungiya sun cika ɗakin har wasu na jingine da bango. Shugabanmu ya sa an jera kujerun roba goma sha bakwai a baya, kowace da lambar gida a manne. Ba wanda aka hana zama a kai, amma ba wanda ya zauna. Wata mata mai goyo ta gwada ta farko, ta miƙe nan take tana kakkaɓe zaninta, ta ce kujerar a jiƙe take.

Aikina ne in karanta kowace amsa da babbar murya. Na fara da ta tela. Ina kai ƙarshenta kujerar farko ta yi 'yar ƙara, irin wadda roba take yi idan mutum ya gyara zama. Wani ya yi dariya. Na karanta ta biyu, kujera ta biyu ta amsa. Kafin in kai ta biyar babu mai dariya, babu kuma mai waiwayawa. Shugaban kwamiti ya kafe idonsa a kan tebur yana rubuta sharuɗɗa kamar ɗan makaranta.

Da na zo kan ta Inna na karanta maganar gwaiba, na naɗe takardar zan ɗauki ta gaba. Kujera ta goma sha huɗu ba ta yi ƙara ba. Na jira, ɗakin ya yi tsit. Sai na ji an ja ta a kan siminti, kaɗan, kamar yadda Inna take jawo kujerarta kusa idan ta san ƙarya kake shirin yi. Ƙamshin ganyen gwaiba ya cika mini hanci. Na buɗe takardar na karanta sauran a gaban mutum fiye da hamsin. Ga abin da ta ce: "Ta farkon tana hannun Auta. Ta faɗa wa yayarta, sannan ta kawo mini abata."

Yaya, ba ke kika ɓatar da sanarwar ba. Ba ta taɓa zuwa gida ba. Watana ɗaya da fara aiki a lokacin, masinjan ofis ya miƙo mini ita ya ce tunda gidanmu ne in tafi da ita. Na duba na ga ni na buga ta da hannuna, har da alamar sunana a ƙasa. Na ji tsoron Inna ta gane cewa 'yar da take alfahari da aikinta ita ta buga takardar rushe mata gida. Na ce sai gobe. Goben nan ita ce ta kai kwana ashirin da ɗaya. Da abin ya fashe, Inna ba ta ko kalli inda nake ba, tunda ke kike karɓar duk wasiƙun gida. Ina tsaye a bakin ƙofa ta faɗa miki maganganun nan, kina rantsuwa kina kuka, ni kuwa na yi shiru. Wata bakwai tana ɗakin haya, tana kiran sunana in ba ta ruwa, naki kuma ta hana a ambata. Na bar ki da wannan shekara ashirin da biyu, ina aiko miki da gaisuwa ina tambayar ƙafarki.

Takardar tana nan a ƙasan akwatina, ko yagewa ba ta yi ba. Ban san da wane baki zan ce ki yafe mini ba, don ni kaina ban yafe wa kaina ba. Na dai faɗa miki, kamar yadda aka umarce ni, kuma ina jin kunyar cewa sai da aka umarce ni.

Ƙanwarki, idan har kin yarda,
Auta


Ranar Asabar

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Kwana goma sha bakwai ban ji daga gare ki ba, kuma ban ga laifinki ba. Ina fatan dai lafiya ce.

An ba da izinin. Sharuɗɗa uku ne a ciki: a rufe rijiya, a matsar da benci ɗaya, a karkata hanya da taku biyu. Mai awon fili da kansa ya je ya kankare jan fentin, ba wanda ya sa shi.

A ƙa'idarmu, duk wanda ya kawo ƙorafi sai an kai masa sakamako hannu da hannu, ya sa hannu a littafin karɓar saƙo. Masinjanmu na yanzu dattijo ne mai iyali, ya ce ko za a kore shi ba zai je ba. Na ce ya bari, ni zan je. Jiya da rana tsaka na shiga kurmin da ambulan goma sha bakwai da littafin a hammata. Daga waje ana jin rediyon wani gida da ƙarar kwanuka, amma ina wuce itatuwan farko komai ya ɗauke. Na bi layin gida gida, ƙafata ta fi ni tuna hanya. Inda na ga guntun bango ko dutsen murhu sai in yi sallama in ajiye.

A dandamalinmu na ajiye biyu, sabuwa da tsohuwa. Na buɗe littafin na ɗora a gefe, na juya baya kamar yadda muke yi idan Inna za ta canja kaya. Na ba ta haƙuri da bakina, na faɗi abin da na yi ba tare da na rage komai ba. Ban ji motsi ba, sai gwaiba ɗaya da ta faɗo kusa da ƙafata. Da na juyo takardun biyu ba sa nan. A littafin, layi goma sha bakwai duk an dangwala musu yatsa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, a layin gidanmu kuma sau biyu.

A inda na ajiye takardun akwai wata ambulan, da rubutun malam a bayanta. Ba tawa ba ce. An rubuta, "Zuwa ga babbar 'yata."

Ban buɗe ba. Ban kai ta gidan waya ba, ban kuma bari ta kwana a akwatina ba, a hannuna ta kwana. Na hau motar farko yau da safe. Yanzu haka ina zaune a bakin ƙofarki, a kan guiwata nake rubuta wannan. Na yi sallama sau uku, na ga labulen tagarki ya motsa, na san kina ciki. Wannan tawa zan tura miki ta ƙarƙashin ƙofa. Ta Inna kuwa ba zan tura ba, sai na sa ta a tafin hannunki. Ba sai kin yi mini magana ba, ba sai kin kalle ni ba, ki miƙo hannu kawai. Har yanzu da danshi a jikinta, Yaya, kuma ba zan tashi daga nan ba.

Ƙanwarki,
Auta