Gidan Tabaraun Shugaban Kafintoci

Litinin, 3 ga Maris
Ni, shugaban ƙungiyar kafintocin unguwarmu, na buɗe wannan littafi da hannuna, wata tara bayan shigata ajin manya. Malamarmu ta ce mu riƙa rubuta abin da muke gani. Abin da nake gani shi ne 'yata Auta. Tana digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, amma ko ƙofar gida ba ta fita. Jami'ar tana cikin kwamfuta, kwamfutar kuma tana kan teburin da na haɗa. Ashe ina da hannu a ginin makarantar.

Laraba, 5 ga Maris
Na leƙa ajin su Auta. Fuskoki goma sha biyu, kowace a ɗan akwatinta. Malamin ya yi tambaya, sai kowa ya yi tsit. Na zaci na'urar ce ta tsaya. Auta ta ce shirun ma darasi ne: ka yi tambaya, ka ƙirga goma a zuci, kada ka taya mutum amsa. Abin mamaki. Mu a taronmu, mai shiru ba shi da ta cewa ne.

Asabar, 8 ga Maris
"Baba, alfarma nake nema," in ji Auta. An ba su aikin hira da wanda ya koyi karatu da girma, a ɗauki murya, a miƙa ranar Juma'a. In ba ta miƙa ba, sai ta maimaita zangon. Wanda suka shirya da shi ya yi tafiya. Na amince, domin ba ta yi zaɓen tumun dare ba. Sai dai wai ƙa'ida ta hana a ambaci sunana. Wannan bai yi mini daɗi ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Na sa rigar taro. Uwargida ta ce, "Malam, murya fa za a ɗauka, ba hoto ba." Na yi minti arba'in kan tarihin ƙungiya. Da Auta ta tambayi dalilin da ban yi karatu da wuri ba, na bayyana cewa dama ina taɓawa, idanu ne suka hana. Ta yi godiya, ta kashe na'urar.

Talata, 11 ga Maris
Auta ta kwana biyu ba walwala. Uwargida ta kawo mini saƙo: wai jawabin ya yi kyau, amma ba ni ne a ciki ba. To wane ne?

Zan rubuta wani abu, tunda ba mai karantawa. Shekaru da yawa ina yawo da gidan tabarau a aljihu. Duk wanda ya miƙo mini takarda, sai in ciro shi, in ɗan buɗe, in ce, "Af, na bar su a shago. Sakatare, karanta mana." Ban taɓa mallakar tabarau ba. Idona yana hango ƙusa a cikin dusar katako.

Alhamis, 13 ga Maris
Mun sake zama, ba rigar taro. Tambaya ɗaya Auta ta yi: "Baba, gidan tabaraun nan, yaushe ka saye shi?"

Na gane dabarar, na ƙirga tare da ita. Muka kai goma, ba ta motsa ba. Wajen talatin na ji bakina yana magana. Na faɗi ranar da na kai babban yayanta makaranta, aka miƙo mini takarda a gaban iyayen yara, na tsaya da ita kamar an ba ni garwashi. A hanyar komawa gida na saye shi. Na faɗi sauran abubuwa ma, waɗanda ba sai na maimaita ba.

Bayan ta kashe na'urar ta ce, "Ina 'yar shekara bakwai na buɗe shi, zan goge maka gilashin. Na mayar na rufe."

Uwargida daga bakin ƙofa ta ce, "Ni dai na sha ɗinke aljihun da yake yagawa."

Ashe kan mage ya daɗe da wayewa a gidan nan. Wane littafi ne ya koya wa yarinya 'yar shekara bakwai irin wannan shirun?

Juma'a, 14 ga Maris
Auta ta miƙa aikin. Ƙa'idar ɓoye suna, da na sake nazari, tana da hikima.

Litinin, 17 ga Maris
Taron ƙungiya. Wasiƙa ta zo, sakatare ya miƙo hannu kamar kullum. Ban ba shi ba. Na karanta da kaina, layi shida, na maƙale a wata doguwar kalma. Ba wanda ya taya ni. Ban sani ba ko sakatare ma goma yake ƙirgawa.

Gidan tabaraun yana nan a aljihu. Birona na saka a ciki, ba don komai ba, tsawonsu ne ya zo ɗaya.