Yayana Ya Mai Da Murfin Zarto Wurin Rataye Hula

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, raina ya kai wuya kuma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan maganar bai yi mini dariya ba.

Ni kafinta ne. Ni da yayana muke riƙe da shagon da mahaifinmu ya bar mana, Allah ya ji ƙansa. A tsakiyar shagon akwai injin zarto na tebur, irin wanda zarton yake leƙowa ta tsakiyar teburin yana juyawa, kai kuma kana tura masa katako. Injin ya zo da murfin roba da ke rufe haƙoran, da wani siririn ƙarfe da ke tsaye a bayan zarton don kada katako ya matse shi ya harbo baya. To Yaya ya kwance su duka. Ƙarfen ya wurga cikin akwatin tarkace. Murfin kuwa ƙusa ya samu ya kafe shi a bango, a kansa yake rataye hularsa kullum da safe. Wai aƙalla yanzu ya yi amfani.

Babanmu ya rasu babu rabin babban yatsansa. Yaya kuma yatsu biyu ne babu a hannunsa na hagu, duk aikin injin nan ne. Maimakon abin ya zame masa darasi, sai ya mai da shi lambar girma. Da mai sayayya ya shigo sai ya ɗaga hannun yana juya shi, yana cewa kafintan da yatsunsa suke cif bai ma fara koyon aiki ba. Ni da nake sa tabarau kuma nake tura katako da sanda, sunan da ya raɗa mini Amarya. Yanzu har mai walda na kusa da mu da telan da ke tsallaken titi haka suke kirana. Mutumin da ko ƙusa ba ta riƙuwa daidai a hannunsa, shi ne yake koya mini jarumta!

Kwanakin baya yana tsaga wani katako mai danshi, sai katakon ya matse zarton, ya harbo baya kamar an cilla shi da gangan. Ta gefen haƙarƙarina ya wuce, ya huda ƙofar wata durowa da muka gama. Yaya kuwa har da riƙe ciki don dariya, wai katakon gaishe ni ya zo yi.

Amma Gwaggo, ga abin da ya sa na rubuto. Jiya akwai mutane a shagon, aka fara tsokanar nan, sai na ajiye sandar na tura wani siririn katako da hannuna. Na ji iskar zarton a jikin babban yatsana. Yaya ya gyaɗa kai, ni kuma, kunya nake ji in faɗa, sai na ji daɗi. Tun daga lokacin tsoron kaina nake ji fiye da tsoron injin.

Ba zan iya tsayawa in yi masa faɗa ba, shi ya riƙe ni bayan Baba, a hannunsa na koyi riƙe guduma. Matata ta ce in bar shagon kawai. In bari ne, ko in kai ƙararsa wurin Kawu, ko in yi shiru in ci gaba da zama Amarya?

Naki,
Ƙanin Jarumi

*

Ɗana,

Jarumin gaske ke nan yayan naka! Inji ya cinye masa yatsu biyu, shi kuma yana yawo yana nuna wa mutane kamar shi ya yi nasara. Ka gaya mini wa ya ci wani a wannan karawar. Zarto bai san babba ba, bai san gwani ba, bai kuma san sau nawa ka tsallake ba. Abin da yayanka yake kira ƙwarewa, sa'a ce da ta riga ta kufce masa sau biyu.

Kai ma ba zan ƙyale ka ba. Don mai walda da tela su daina kiranka wani suna, ka kai babban yatsanka bakin zarto? Telan nan zai ɗinke maka shi ne in ya faɗi? Haba ɗana, wannan ai wauta ce, kuma ta fi ta Yaya muni, don shi ya yarda da shirmensa, kai kuwa ka san gaskiya ka take.

Sai dai a ba shi nasa. Akwai yankan da dole a ɗage murfi, kamar in za a yi kwari a jikin katako ba tare da an raba shi biyu ba. Kuma murfin da ya dushe da garin katako yana hana ganin layi, wannan gaskiya ne. Maganinsa a goge shi, a mayar da shi da zarar an gama irin wancan yankan. Ina kuma zargin ba taurin kai kaɗai ke damunsa ba. In ya yarda murfin yana da amfani, ya yarda ke nan yatsunsa da na mahaifinku a banza suka tafi. Wannan magana ce mai ɗaci, shi ya sa ya gwammace ya mai da ita abin dariya.

Saboda haka kada ka tunkare shi a gaban mutane. Ka same shi a gida, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce masa kai ba za ka ƙara kunna injin ba sai da murfin da ƙarfen bayan. Ba roƙo ba ne, sanarwa ce cikin ladabi. Gobe ka tono ƙarfen nan daga tarkace ka ɗaura, da yana wurin, da ya hana katakon nan neman haƙarƙarinka. Hularsa kuma ka buga mata ƙusarta daban.

In kana aiki, ka tsaya a gefe, kada ka tsaya saitin zarton. Ka ɗago haƙoran kaɗan kawai sama da kaurin katakon. Siririn katako da sanda ake tura shi, ko duk titin ya taru yana kallo. Ban da safar hannu, ban da riga mai faɗin hannu, don haƙori ɗaya ya kama zare ya isa ya ja hannun gaba ɗaya. Kada ka miƙa hannu ta saman zarto don ɗauko guntu sai ya tsaya cak, kuma ka zare waya daga soket kafin ka canza shi. Katako mai danshi ko karkatacce a ajiye shi gefe.

In ya sake kwancewa, to lokacin Kawu ya yi. In Kawu ma ya gaza, ka saurari matarka, ka nemi wani wurin. Zumunci ba ya yankewa don an raba benci, amma yatsa in ya tafi ya tafi.

Duk ranar da tsokanar ta sake hawa kanka, ka tsaya ka lura da Yaya lokacin da yake kokawa da maɓallin rigarsa, yana juya baya don kada a gani. A nan ba ya dariya.

Allah ya tsare hannuwanka, ya sassauta zuciyar yayanka, ya sa albarka a shagon mahaifinku.

Gwaggonku