Ƙafar Hagu a Kan Dusar Ƙanƙara

Glenwood, Greensboro
Talata, 24 ga Janairu, 2006

Zuwa ga Sakinatou, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, farin wata mai mantar da matafiyi gajiya, kurciyar da ta yi sheƙa a ƙirjina ta hana ni sakat. Amincin Allah ya lulluɓe ki kamar yadda inuwar tsamiya ke lulluɓe wanda rana ta kora.

Na kira wayarki har yatsana ya gaji, kullum sai muryar baturiyar nan ta cikin inji ta ce in bar saƙo. Me zan gaya wa inji? Inji ya san zafin so? Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Saƙonki ya iso ta bakin ƙawarki Hindou. Kin ce ranar Asabar ku ɗalibai za ku koma dutsen nan na wajen Boone inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, in zaɓi ɗaya, ko siki ko sinobod. In kuwa na ƙi zuwa, to in bar zancen zuwa gaida Baba, mahaifinki, domin ba za ki zauna da mutumin da ke yamutsa fuska ga abin da ke faranta miki rai ba. Wayyo, hasken zuciyata! Tsakanin kunama da maciji kika ce in zaɓi wanda zan sa a aljihu.

Ba zan yi miki ƙarya ba, wallahi ina ƙyamar wurin nan. Daga Litinin zuwa Juma'a ina cikin ɗakin sanyi na sito ina jera kwalayen daskararrun kaji, hancina na yoyo, yatsuna kamar ba nawa ba. Sai ga mutane da hankalinsu, da motocinsu masu ɗumi, suna tafiya takanas su nemi wannan azabar, wai hutu! Har injuna suka kafa masu aman dusar ƙanƙara, wai wadda Allah ya saukar ba ta ishe su ba. Wane irin marmarin wahala ne wannan?

Ga kuma takalman haya da aka ba ni ranar da na bi ki can. Ke, Sakinatou! Na sha wucewa ta majema a Zinder da rana tsaka, ban taɓa jin abin da ya tayar mini da zuciya kamar ɗakin da ake ba da hayarsu ba. Ni da na yi wanka, na fesa turare, na sa sabuwar safa saboda ke, aka miƙo mini takalmi jiƙe sharkaf da gumin wani ƙato, da sauran ɗumin ƙafarsa a ciki. Haka na zura ƙafata. Da na dawo gida a shara na jefa safar, na dirje ƙafafuna da soso har suka yi ja, amma har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Longji, abokin aikina ɗan Jos, ya rantse mini cewa siki ne na masu koyo, wai fuskarka na kallon gaba, kowace ƙafa da katakonta, ga sanduna biyu na dogarawa. Allah ya isa tsakanina da shawarar Longji! Ina tsayawa, ƙafafuna suka watse kamar awaki biyu da aka kwance daga turke, ɗaya ta nufi gabas, ɗaya yamma, ni a tsakiya ina salati. Sandunan da ya yaba suka mai da ni tsoho tun ban yi aure ba. Wandona ya kece, na ƙare a cikin ragar da ke bakin hanya, 'yan yaye na wuce ni fiit, suna ɗaga mini hannu.

Bayan azahar kika ce in gwada naki, sinobod, katako ɗaya mai faɗi da ake ɗaure ƙafafu biyu a kai. Na bi ki, don ko rijiya kika nuna mini zan leƙa. Mai ba da hayar, wani ƙaton bature mai jan gemu, ya ce in juya masa baya, sai kawai ya hankaɗa ni. A gabanki! Saura ƙiris in wanke shi da mari. Kika riƙe dariya, kika bayyana mini cewa haka suke gane ƙafar da jikin mutum ke fara jefawa, ita ce za a sa a gaba. Ƙafata ta hagu ce ta fita, ya kama ɗaure maɗaurin yadda hagu za ta ja gaba.

Nan na tubure. Kakata da ta goya ni, Allah ya jiƙanta, da muciya take bin duk jikan da ya shigo mata ɗaki da hagu. Dama ce ta shiga masallaci, dama ce ta shiga gida, dama ce ta fara sa takalmi. Hagu kuwa wuri ɗaya take ja gaba, makewayi. To ta yaya zan fara wani abu a gaban matar da nake so in aura da ƙafar makewayi? Na ce lallai sai dama. Kika ce in bari, na ƙi. Baturen ya ɗaga kafaɗa ya juya maɗaurin.

Kin ga sauran da idonki. An dabaibaye ni kamar jakin da ake tsoron ya shiga gonar mutane, jikina na so ya juya, katako na ƙi. Na faɗi ta fuska, na faɗi ta baya, na ci ƙanƙarar da takalman jama'a suka tattake, baƙi-ƙirin da ita, ta cika mini baki da kunne da wando. Daga ƙarshe na zauna dirshan na tofar da yawu. Wannan fuskar ce kika gani, ita ce kika riƙe a ranki kika daina ɗaukar wayata.

Amma akwai abin da ba ki gani ba, ya zumar rayuwata. Ina zaune a nan, a jiƙe, a wulaƙance, sai na ɗaga kai na hango ki kina saukowa daga can sama. Gefen mayafinki ya fito ta ƙarƙashin hular kwano yana kaɗawa, kina karkata dama da hagu kamar shirwa a kan iska, kina dariya da dukan bakinki. Ban taɓa jin wannan dariyar ba! Ban ji ta a gidan sunan da na fara ganinki kina raba dambu ba, ban ji ta a shagon shayi na Elm Street ba, inda nake ƙure basirata in sa ki murmushi. Dutse, kurma, marar zuciya, shi ya fito da abin da na kasa fitowa da shi. Kishi ya kama ni, so ya kama ni, na rasa wanda ya fi ciwo. Tun daga ranar abinci ya fita raina. Yaya zan yi in rayu ban sake jin wannan dariyar ba? Yaya gero zai yi in damina ta juya masa baya?

Jiya bayan la'asar na kai ƙarata gun Malam Laouali kan batun sa hagu a gaba. Ya yi dariya har carbinsa ya faɗi, ya ce shi dai bai san dutsen nan da zama masallaci ba.

To ga amsata. Siki na yafe shi duniya da lahira, abin da ke raba ƙafa da 'yar'uwarta ba na maraba da shi. Na zaɓi katakonki. Zan zo ranar Asabar da safa ninki biyu da auduga a hanci, zan zura ƙafata cikin gumin wani, zan bari a dabaibaye ni. Roƙona ɗaya, ki gaya wa mai jan gemun nan kada ya sake taɓa ni, na riga na san ƙafata. A sa hagu a gaba. Na yi tunani na ga kakata ba za ta yi fushi ba, domin wurin nan da hagu ya cancanci a shige shi, da a'uzubillahi, da riƙe numfashi. Zan faɗi, zan tashi, zan sake faɗi, har ranar da zan sauko a gefenki in ji dariyar nan a kusa da kunnena.

Ita kuwa dama, na ajiye ta, na wanke ta, ba za ta ja gaba a kan ƙazantar kowa ba. Ƙofa ɗaya take jira, ƙofar Baba. Ki ɗauki wayata, Sakinatou, ki gaya mini ranar da zan taka ta.

Naki a cikin sanyi da zafi, naki da ƙafafu biyu a ɗaure, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Ousseini