Zafin Motar Makaranta

Talata

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya idon? Ina fata kana ɗiga magani a kan lokaci, ba sai Umma ta bi ka da kwalba ɗaki-ɗaki ba. Yaya ya ce tunda aka yi maka aikin kake zaune a gidansa kamar ɗaurarre. Ka yi haƙuri, wata guda likita ya ce. Na rubuto ne don a waya ba ka ji na, ƙarar inji ta shekara arba'in ta cinye maka kunne. Umma za ta karanta maka.

Gareji lafiya, ni ce dai hankalina a tashe. Farar bas ɗin makarantar nan da kake gyarawa tun ina goye, ita ce take zafi. Jiya ta tafasa a hawan gada da yara ashirin da shida a ciki. Kawu Direba ya sauke su a bakin titi, manyan motoci na wucewa, yana tare su da hannu biyu kamar mai kora kaji.

Abin da ya ɗaure mini kai, a gareji ba ta yi. Na bar ta a kunne awa guda, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba. Fanka tana juyawa, babu inda ruwa yake yoyo. Na matsa tiyo ɗaya bayan ɗaya, na canza murfin lagireto, duk da ban yarda shi ne ba.

Shugabar makaranta ta ba ni zuwa Litinin. In ba ta gyaru ba, za a kai ta garejin tsallaken titi. Ka san in bas ɗin nan ta tsallaka, sauran motocin bin ta za su yi. Tun ranar da ka miƙa mini makulli mutane suka zuba ido su ga yadda mace za ta ƙare. Ba na so ka dawo ka tarar da ni da sifanu kawai.

A gaida Umma da Yaya da iyalinsa.

'Yarka,
Auta

Alhamis

Baba,

Sallama da fatan alheri. Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Har yanzu shiru. Na cire tamostat, bawul ɗin nan da zafi yake buɗewa ruwa ya wuce, na jefa a tafasasshen ruwa kamar yadda ka koya mini, ya buɗe sarai. Umma, ki yafe mini, a ƙaramar tukunyarki na yi, na kuma wanke ta sau uku. Na wanke lagireto ciki da waje, na duba famfon ruwa, bel ɗinsa a matse. Sai zuciyata ta tafi kan gasket ɗin kan inji, ko ya ƙone. Amma man inji bai yi fari ba, salansa ba ta hayaƙi, ruwan kuma babu kumfa.

Yau na sa Kawu Direba ya ja ta ina gefe. A cunkoso tana lafiya. Da muka samu hanya ya taka, sai allura ta fara hawa, ina kallonta kamar za ta soke ni. Wannan ai baibai ne, Baba. Duk motar da na sani a tsaye take zafi, in ta sha iska ta huce. Wannan kuwa iskar ce kamar take ƙara mata.

Kawu ya ce in cire tamostat ɗin in yar, kowa haka yake yi. Na ce Baba ya hana, ɓoye ciwo ne ba magani ba. Ya yi mini kallon hadarin kaji. Ya ce da kai ne, tun daga bakin ƙofa za ka gane da kunne. Wai tun lokacin sanyi da ka sa mata sabuwar fanka ba ta ko tari ba, sai da ta faɗo hannuna. Na shiga bayan tayoyi na yi kukana, na fito na ce ƙura ce.

Tsoro nake ji, Baba. Ba na so in roƙe ka kana jinya, amma kaina ya kulle. Me na tsallake?

Taka,
Auta

Lahadi

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya, idon kuma yana washewa.

Amsarka ta iso jiya da hantsi. Gaskiya da farko haushi na ji. Ina jiran shafi uku, sai ga layi biyu da rubutun Umma: in kunna mota, in jira fanka ta tashi, in kara takardar nan a gaban lagireto in sake ta.

Na yi. Ya kamata fanka ta ja iska ciki, takardar ta manne. Baba, wasiƙarka tashi ta yi ta faɗa cikin bokitin baƙin mai. Fankar baya-baya take juyawa. A tsaye tana ɗan fifita injin ko ta yaya, amma a guje sai ta tura iska waje, iskar hanya ta turo ciki, su yi ta kokawa babu mai wucewa. Kwana biyar ina ganin tana juyawa, ban taɓa tambayar ina ta nufa ba.

Na bi wayoyinta. An haɗa ja a wurin baƙi, baƙi a wurin ja. Da na kai hannu zan warware salatif ɗin da aka naɗe su da shi, sai na gane naɗin. Zagaye uku, bakin a lanƙwashe don mai zuwa ya samu wurin kamawa. Mutum biyu ne kawai suke wannan naɗin, ni da kai, kuma ni ban taɓa wayar nan ba. Sanyi ne ya rufa mata asiri, zafi ya zo ya tona.

Ka sani ko, Baba? Shi ya sa layi biyu. Na san yadda abin ya ci maka rai kafin ka ce wa Umma ta rubuta su. Tun yaushe ja da baƙi suka zama ɗaya a idonka, kana shiga ƙarƙashin mota ba ka gaya wa kowa ba? Ni ina gefenka ina miƙa maka sifana, ban lura ba. Wannan ya fi maganar Kawu yi mini ciwo.

Mun hau gada sau huɗu da rana tsaka, allura ba ta motsa ba. Bas ba za ta tsallaka titi ba. Kawu ya matsa sai na faɗa masa aikin wa ne. Na ce garejinmu ne ya yi kuskure, garejinmu ne ya gyara. Ya leƙa bonet ya daɗe, ya cire hula ya mayar.

Na sake naɗe wayar, zagaye uku, baki a lanƙwashe. In ka dawo ka zo ka duba mini. Kunnen da ya rage maka ma ya ishe mu, launin waya kuwa ka bar mini.

Wasiƙarka na shanya ta a kan taga. Ba ta karantuwa, amma ba zan yar ba.

A gaida Umma, ta share hawayen ta ƙarasa karantawa.

'Yarka,
Auta