Na Cike Fom Cewa Babana Ya Rasu, Ga Shi Ya Dawo

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karantar koyarwa, kuma wata gidauniya ce ke ɗaukar nauyina tun farko. Babanmu ya fita neman aiki ina 'yar shekara takwas, bai sake waiwayo mu ba. Daga baya wani direba ya ce ya ji labarin ya mutu a hatsari, amma babu wanda ya ga gawa. Mama ce ta riƙe mu da keken ɗinki. Ranar cike fom ɗin gidauniyar, da na zo wurin da aka tambayi ko mahaifi na raye, na tsaya da biro a hannu. Kawuna ya ce in rubuta ya rasu kawai, ai shekara goma shiru. Na rubuta, amma gaskiya zuciyata ba ta kwanta ba.

Watan jiya na dawo daga makarantar da nake gwajin koyarwa, hannuna duk alli, na tarar da wani tsoho a falo, ƙafarsa a kumbure. Babana ne. Ko gaishe shi ban iya yi da kyau ba.

Yanzu gidauniyar ta aiko cewa mako mai zuwa za su ziyarci gidajenmu kafin su sabunta tallafin. Mama ta ce a kai shi gidan kawu ranar, tana faɗa tana kuka. Idan suka janye, wallahi ba mu da hanyar ƙarasa wannan shekarar. Ni kuma kullum ina gaban 'yan aji huɗu ina hana su ƙarya. Abinci ma ya daina shiga. Ya zan yi?

Malamar Gobe

Malamar Gobe,

Ki kwantar da hankalinki, lamarin bai ɓaci ba. Abin da kika rubuta a da, kin rubuta ne bisa labarin da ya zo muku, ko da kina da shakka. Ɓoye shi ranar ziyara kuwa ƙarya ce da ido buɗe, kuma maƙwabci ɗaya ya isa ya tona ta. Kada ki ga laifin Mama. Tsoro ne na wadda ta sha wahala ita kaɗai.

Ki riga su zuwa. Gobe ki sami shugaban sashenku ki faɗa masa komai, ki roƙe shi ya raka ki wurin gidauniyar. Ki rubuta wa gidauniyar gajeriyar wasiƙa, ki haɗa da sakamakonki. Ki sake karanta sharuɗɗansu ma: tallafin na marayu ne, ko na ɗaliban koyarwa marasa ƙarfi? Dawowar mara lafiya ba ta rage muku nauyi ba, ƙara shi ta yi.

Ba zan yi miki alkawarin ba za su janye ba. Don haka ki tambayi ofishin ɗalibai ko akwai wani tallafin ko sassaucin biya, tun yanzu.

Batun babanki kuma, ki kai shi asibiti, ki gaishe shi. Yafiya ba sai a wannan makon ba.

Ki ci abinci, 'yata. Allah ya ba ki sa'a, ya nuna mana ranar da za ki riƙe ajinki.

Anti