Tara Cikin Goma

Kafanchan, 6 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana, Baban Doreen,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya mutanen Jere? Mu nan, Mama tana fama da gwiwarta kamar kullum, ɗanmu Rufus ya warke daga zazzaɓin, ni kuma gajiya ce kawai. Doreen dai tana nan yadda ka bar ta. Na rubuto ne don a waya ba na sakin baki, bangon ɗakin ba kauri, tana jin komai.

Tun Kirsimetin bara da mutanen da suka ɗauke ta a gonar citta suka sako ta, ko ƙanshin citta ta ji sai amai. Na daina sawa a kunu. Ƙwayoyin Likita Alexander suna kwantar mata da hankali, ban musa ba, amma yini take a zaune kamar tsumma a randa. Zaman Talata da take ba shi labarin daga farko har ƙarshe, an ce ya taimaki mutane da yawa. Ita kam in ta dawo sai ta kwana biyu ba ta taɓa abinci ba.

Shi da kansa ya haɗa mu da wata Malama Yasmin, mai wata sabuwar hanya. Ba ta sa ta faɗi labarin duka. Takan sa ta riƙe abin a rai, ta riƙa bin yatsun Malamar da ido, hagu, dama. Ran farko na tsorata, na ce boka ne ya sa farar riga. Sai na tuna haka aka koya mini karatu a ajin Zumuntar Mata ina da shekara arba'in da shida, ido na bin yatsa.

Ga albishir: na leƙa katin Doreen, an rubuta mata tara cikin goma. Ni duk ƙoƙarina ban taɓa wuce bakwai a ajinmu ba.

Matarka,
Larai

Kafanchan, 3 ga Nuwamba

Baban Doreen,

Ina gaishe ka, da fatan tarin nan ya sake ka. Mama da Rufus lafiya. Ni ce ba ni da ƙarfi.

Albishir ɗin nan ya lalace. Bayan tara sai ta samu bakwai, makon jiya kuma biyar. Ban nuna mata na gani ba. Ga shi yanzu tana kuka, ita da ta yi wata tara idonta a bushe. Jiya tana tankaɗe sai hawaye, ta share da gefen zane, ta ci gaba. Abinci dai tana ci, amma wane amfani in katin yana ta sauka?

Ban tambayi Malama ba. Tana da kirki, tana kirana Mama, tana ba ni kujera, amma kunya nake ji. Irinmu da muka riƙe biro da furfura, in mun yi tambaya sai a gane inda muka tsaya.

Citta ta nuna, ganyen ya bushe. Ba mu da inda za mu shanya sai tsakar gidan nan, bakin ƙofarta. In mun bar ta a ƙasa mun rasa shekara, in mun kawo ta ban san abin da zai sami yarinyar ba. Na gaji da tunani. Ka yanke abin da za a yi.

Larai

Kafanchan, 17 ga Nuwamba

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa na nan lafiya, gwiwar Mama ma ta yi sauƙi.

Na sami amsarka, cewa a bar wajen Malama, kuma ƙaninka Nathan zai zo ran Asabar ya kai Doreen asibiti a Kaduna a ba ta gado har a gama citta. Ba laifinka ba ne, abin da na rubuta maka ka bi. Kuskuren nawa ne.

Na je in sallami Malama, na ce mun gode amma yarinya tana faɗuwa, daga tara har huɗu. Sai ta jawo kujerarta kusa, ta yi mini bayani a hankali: ba maki ba ne. Doreen ce da bakinta take faɗin yawan zafin da take ji in ta tuna. Goma shi ne wuta, sifiri shi ne kwanciyar rai. Ashe ran da na yi ta rawa a kicin saboda tara, 'yata tana cikin wuta ne.

Da na gaya wa Doreen a keke napep, ta yi dariya har direba ya waiwayo. Ta ce wato wata ɗaya ina ganinta daƙiƙiya. Rabon da in ji dariyarta, tun kafin gonar nan.

Ba na ce ta warke ba. Malama ta ce ba ta yin alkawari, lambar tana iya komawa sama, akwai ma waɗanda tsohuwar hanyar ta fi yi musu. Likita Alexander ya ce kada a daina ƙwayar, ya dai rage. Ƙarar babur har yanzu tana sa ta tsuguna. Amma shekaranjiya da hantsi maƙwabciyarmu Hellen tana ɓare citta, Doreen ta je da ƙafarta ta ɗauki ƙwara ɗaya ta shinshina. Ba ta yi amai ba. Ta dawo ta wuce ni, ta ɗaga mini yatsu uku.

In an kai ta Kaduna, zaman ya katse. Ita ba ta son tafiya, amma ba za ta yi maka musu ba, Nathan kuma maganarka kaɗai yake ji. Hellen ta ba mu rabin filinta na shanya.

Don Allah ka amsa mini kafin Alhamis, ka kuma kira Nathan ka tsayar da shi. Sannan ka taya ni addu'ar da ban taɓa zaton uwa za ta yi ba: 'yarmu ta ci sifiri.

Matarka,
Larai